Yadda Na Sayi Waken Babana Sau Biyu

Ba zan taɓa mantawa da ranar da Baba ya aike ni Dawanau da wake buhu goma ba. Ko na so in manta ma ba dama, don mutanen ƙauyenmu sun ɗaukar wa kansu aikin tuna mini.

A lokacin ban daɗe da dawowa daga Rijiyar Zaki ba, inda na yi wata huɗu a ɗakin wani abokina da sunan neman aiki. Aiki bai samu ba, amma na dawo da sana'a a cikin waya: tiredin. Ga wanda bai sani ba, saye da sayar da kuɗin ƙasashen waje ne, ka saya da safe ka sayar kafin azahar, kana zuba wa wasu 'yan sanduna kore da ja ido, waɗanda muke kira kyandir. Kore ya tashi ka yi murmushi, ja ya sauko ka ce sabis ne ba kyau. Gaba ɗaya ilimina bai wuce bidiyo ashirin da wani guruf na masu ba da sigina, wato masu gaya maka lokacin saye da na sayarwa, ba. Sati ɗaya na taɓa cin riba a jere, kuma kowace sai da na ɗauki hotonta na ajiye. (Sauran makonnin ba su da hoto.)

Da wannan na dawo ƙauyenmu da ke bayan Bagwai ina taku kamar wanda ya gaji banki. In ana zancen farashin gero a majalisa sai in gyara zama in ce, "Ai matsalarku ba kwa karanta kasuwa." Mutanen da suka shekara arba'in suna cin kasuwa fa nake gaya wa haka, ni da ban taɓa sayar da ko kaza ba.

Waken nan kuwa shi ne takinmu. Kowace shekara Baba yakan adana wake tun kaka, sai bazara ta yi ya yi daraja ya kai Dawanau ya sayar, ya sayo takin zamani na damina. Gonarmu ta gaji, in ba ta sha taki ba abin da take bayarwa bai kai mu ko rabin shekara. To a shekarar gwiwar Baba ta kumbura, ko masallaci da sanda yake zuwa, ga hadari ya fara haɗowa. Dole ta sa ya kira ni.

"Kana sauka ka nemi Malam Ɗanlami dillali," in ji shi. "Shekara talatin shi yake sayar mini. Abin da ya ce, shi za ka yi. Ka sayar, ka sayi taki, ka juyo gida. Ban da surutu."

Na ce, "Haba Baba, ai kasuwa aikina ce."

Ya dube ni ya daɗe, sannan ya ce, "To, Allah ya sa."

Da hantsi muka shiga kasuwa. Malam Ɗanlami wani dattijo ne siriri mai goro a kunci, da 'yar ƙaramar waya mai madannai da aka ɗaure da kyauro. Ina ganin wayar na raina shi. (Allah ya yafe mini.) Ya soka ƙarfe a buhu, ya zuba waken a tafin hannu, ya ciza ɗaya, ya gyaɗa kai. Ba a yi awa guda ba ya sayar da duka goman ga wani Alhaji mai rumfa a layin gaba, a farashin da ko Baba zai yi murna da shi. Kuɗi suka shigo wayata, 'yan dako suka kwashe kaya.

Malam Ɗanlami ya nuna mini hanya ya ce, "Ga layin masu taki can. Je ka saya ka kama hanya tun rana ba ta yi ba. Ka gaida mini babanka da ƙafa."

Da na ji maganarsa, da yau ba ni da labarin ba ku.

Sai na ce bari in ɗan sha fura tukuna. Ina zaune wajen mai furar na ji ana cewa masu saye daga kudu sun sauka da manyan motoci, wake ya fara motsi. Na leƙa layin wake, lallai an ƙara kuɗi a buhu. Wallahi a take na ga koren kyandir a tsaye a gabana. A bidiyon da na kalla an ce in kasuwa ta fara hawa ka hau ta, kada ta tafi ta bar ka. Na ajiye ludayi na koma da sauri.

"Malam, wake nake so in saya."

"Wane wake?"

"Wake dai. Kasuwa tana hawa."

Ya cire goron daga bakinsa. "Ɗana, ai kai mai sayarwa ne, kuma ka riga ka sayar."

"Yanzu na koma mai saye. In ya ƙara tashi da la'asar mu sayar, in kai wa Baba taki har da riba."

Ya yi mini bayani a hankali, irin wanda ake yi wa mara lafiya. Kuɗin da ake saya daga hannunka daban, wanda ake sayar maka daban. Ga la'adarsa, ga kuɗin dako, kuma duk juyi ɗaya sai an biya. Na yi masa murmushin wanda ya san abin da tsofaffi ba su sani ba. (A waya ma ana cire irin waɗannan kuɗaɗen, ni ne ban taɓa tsayawa na duba ba.)

Waken da ya fi kusa kuma ya fi kyau a layin, namu ne. Yana nan jere a ƙofar rumfar Alhajin, da zane uku na shuni da Baba yake yi wa kowane buhunsa. Alhajin ya dube ni ya dubi buhunan.

"Ba naka ne na ɗazu ba?"

"Shi ne, Alhaji."

"To, tun da kuka rabu ya ƙara tsada."

Kuɗin da na karɓa a buhu goma, tara suka saya mini da ɗan canji. 'Yan dako suka sake ciccibo su zuwa rumfar Malam Ɗanlami. Na hau kan buhu na zauna ina karkaɗa ƙafa, ina jiran arziki.

Ana kiran azahar sai ga tireloli uku sun shigo maƙare da kaya, aka ce wake ne daga arewa. Nan da nan masu saye suka ja baya, farashi ya sauko. Na diro daga kan buhun. Na tuna wata doka ta bidiyo, wai ka yanke asara tun tana ƙarama.

"Malam, a sayar! Yanzu-yanzu!"

"Ka yi haƙuri a sauke kayan mu gani mana. In ma ta kama, ka bar shi a nan ya kwana."

"Mu ba ma kwana da asara," na ce masa, har da ɗaga yatsa.

Wa zai saya da gaggawa haka? Alhajin nan dai. Ya taya a wulaƙance, na sallama. Da 'yan dako suka gama kai masa, babbansu, wani ƙato mai tsumma a kafaɗa, ya dawo ya rusuna a gabana ya ce, "Ranka ya daɗe, mu je mu ci abinci, ko mu tsaya kusa?"

Da aka kwance tirelolin, masara ce a ciki. Ko ƙwayar wake babu.

Farashi ya koma inda yake har ya ɗara. A nan ne hankalina ya bar jikina gaba ɗaya. Ba riba nake nema ba kuma, ramuwa nake so, kamar kasuwar ta san da ni. Malam Ɗanlami ya roƙe ni don girman Allah in je in sayi taki da abin da ya rage. Na ƙi. Na sake sayen waken Baba, wannan karon buhu takwas. 'Yan dako ba su ma jira a nuna musu hanya ba. Mutanen layin suka bar harkokinsu suka jeru suna kallo, Alhajin kuma ya aiko mini da lemo mai sanyi, wai a tambaye ni ko gobe ma zan shigo. (Na sha lemon. Har yau wannan ya fi komai ba ni haushi.)

Bayan la'asar masu sayen kudu suka cika motocinsu suka tafi, kasuwa ta yi sanyi. Na buɗe baki zan ce a sayar, Malam Ɗanlami ya ɗaga mini hannu.

"Wallahi ba zan ƙara cin la'adar waken nan ba. Sau huɗu na ci yau, kunyar ubanka nake ji. Ku ɗora masa a mota ya mayar wa mai shi."

Ragowar canjin ya tafi a kuɗin a-kori-kura. Muna tashi na hango shi yana danna 'yar wayar nan tasa, na san wanda yake kira.

Gab da magariba muka iso. Dattawan unguwa suna zaune a tabarma a ƙofar gidanmu, kuma daga yadda babu wanda ya yi mamaki na san labari ya riga ni. Aka sauke buhuna. Baba ya dogara sanda ya taso, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana taɓa zanen shunin da bakin sandar. Ya kai na takwas ya tsaya.

"Ina takin?"

Na soma kame-kame, ya katse ni.

"To ina biyun?"

Kafin in haɗa wata magana, maƙwabcinmu Malam Audu ya ce, "Ai biyun sun samu aiki a birni."

Aka kwashe da dariya har da masu tari. Na ji ina ma ƙasa ta tsage in shige. Baba kaɗai bai yi dariya ba, kuma wannan ya fi dariyar ciwo. Ya ce, "Na aike ka ka sayar da wake, ka kai shi ganin gari ka dawo da shi. Shigar da su ciki." Ni kaɗai na shigar da su, babu wanda ya kama mini.

Bayan kwana uku Baba ya ɗingisa da kumburarriyar gwiwarsa ya je Dawanau da kansa. Takin da buhu takwas suka saya bai ishi gonar ba. Ya zuba inda ya kai, ya tsaya a gefen da ke bakin hanya ya ja layi da sanda ya ce, "Daga nan zuwa can naka ne. Ka karanta shi." Damina guda ina nome gero gajere mai ruwan ɗorawa, ga na Baba kore shar a gefensa, duk mai wucewa sai ya rage tafiya ya ce mini sannu da kasuwa. Da aka yi girbi, rumbunmu bai cika ba, kuma kowa a gidan ya san dalili.

Ban bar tiredin ba, amma yanzu da ɗan abin da ko ya salwanta ba za a fasa tuwo ba nake yi, kuma na daina sa ran zai saya mini mota kafin sallah. Kwana biyu a mako ina zuwa rumfar Malam Ɗanlami koyon aiki. Sharaɗinsa ɗaya ne, wata uku na farko ba ni da baki, kallo kawai. Shekara biyu ke nan, jiya-jiyan nan ya ce na fara gane wake.

Abin da na koya kuwa, in ka shiga kasuwa da ilimin wata huɗu ka ga kowa yana murna da zuwanka, daga ɗan dako har mai saye, to ka tsaya ka duba da kyau. Kai ne ribar ranar.