Autan Farfesa

Idan ana lissafin masana teku, to a gyara zama a sa Farfesa a gaba. Ɗalibansa suna kiransa Uban Teku a bayan idonsa. Da labari ya kai masa, sai ya sa aka rubuta sunan a ƙofar ofishinsa. Gaskiya ne bai sake shiga jirgin ruwa ba tun ranar da ya yi amai a takalmin wani baƙo, amma me zai kai babban mutum cikin ruwa? Ta taga ma yana ganin tekun sarai.

Abin alfaharinsa wani kunkurun teku ne da aka tsinto ya sarƙe a cikin raga. Likitar dabbobi ta cibiyarsu ta binciken teku ce ta yi jinyarsa wata da watanni, shi kuwa Farfesa ya ɗauki nauyin tsayawa kusa da shi a hoto. "Autana" yake ce masa.

Ranar da za a mayar da Auta ruwa, aka maƙala masa lamba a hannu, aka yi gagarumin biki a bakin teku. Farfesa ya yi jawabi har rana ta karkata.

"Jahilci ne ke kashe teku! Kunkuru ya ga leda tana yawo, ya zaci abinci ce, ya haɗiye. Ni na gano haka, duniya ta shaida!"

Yana rufe baki aka saki balan-balan sama da yawan gaske, kowace ɗauke da hoton fuskarsa, da tabarau da gemu, yana murmushi. Ya bi su da kallo har suka ɓace can saman ruwa, idonsa ya ciko don daɗi.

Ba a daɗe ba igiyar ruwa ta dawo da Auta gaɓa, matacce. Likita ta ga lambar ta yi kuka. Farfesa ma ya yi jimami, na ɗan lokaci, sai ya tuna masu ba da lambar yabon kare muhalli suna gari, kuma shekaru yake mafarkin lambar nan. Nan take ya gayyace su, har da 'yan jarida, a buɗe cikin Auta a gabansu.

"Yau za mu tona asirin wanda ya kashe mini ɗa. Ko waye shi, ku nuna wa duniya fuskarsa!"

Likita ta tsaga, ta leƙa, ta yi turus.

"Ranka ya daɗe," in ji ta a hankali, "da an bari baƙi sun fita tukuna."

"'Yata, ilimi ba ya ɓuya. Ciro!"

Ta sa hantsaki ta zaro wani abu mai yauƙi, ta ɗauraye.

"Shimfiɗa shi kowa ya gani! Ku matso da kyamara!"

Ta shimfiɗa a kan faranti. Robar ta yamutse, launinta ya koɗe, amma tabarau yana nan, gemu yana nan, murmushin ma ko gezau bai yi ba.

Shugaban masu lambar yabo ya dubi faranti, ya dubi Farfesa, ya fara laluben hularsa. 'Yan jarida kuwa, mutane ne masu biyayya, suka yi abin da aka umarce su.

Lambar yabo dai ta wuce shi. Amma washegari wani tsohon burinsa ya cika: ya fito a shafin farko na kowace jarida, har sau biyu a hoto guda.