Rasuwar Dorina, Jif ɗin Malam Tamba

Da zuciya mai cike da alhini, Malam Tamba na Gesse yake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar motarsa, jif mai ja gaba da baya, wadda aka fi sani da Dorina. Ta cika ranar Talata da hantsi a kurmin bayan Zauro, tayoyinta duka cikin laka, wurin da ta fi ƙauna a duniya.

Marigayiyar ba ta taɓa son kwalta ba. A titin Birnin Kebbi takan yi ta tari da noƙewa, har Keke Napep ya wuce ta. Amma da ta shaƙi iskar fadama sai ta miƙe, tana gurr-gurr tsakanin giyayya da kanya, rassa na marin gilashinta, ko a jikinta. Ta yi dakon shinkafa da albasa, ta sha ɗaukar masunta da gorunansu. Ita ce ta ratsa ambaliya da Laure, matar maƙwabcin Malam Tamba na gona, tana naƙuda, ta kai ta asibiti a Argungu kafin jaririya ta iso.

Ta daɗe tana fama da zafin jiki da yoyon lagireto. Dikko bakanike ya ce a bar ta ta huta, uwargida Adawiyya ma ta ce haka. Tamba ya amsa musu da to, washegari ya hango wata hanya a cikin kurmi da bai taɓa bi ba. Ya kutsa da ita, ruwa ya kai ƙofa, Dorina ta kurɓa, ta ce tuf, tuf, ta yi shiru. Ya daɗe zaune a samanta yana kiran sunanta, kafin bijiman Hodi manomi su jawo ta tudu.

Ta bar safaya ɗaya mai faci, da jak, da igiyar da ta ceci motoci da yawa, da maigida wanda yanzu zai koyi hawan kabu-kabu, da Adawiyya, wadda ta karɓi labarin da haƙuri mai ban mamaki.

Za a yi mata wanka a bakin gulbi ranar Alhamis, sannan a kai ta garejin Dikko, makwancinta. 'Yan gwangwan su yi wa Allah su bar sikelinsu a gida. Masu zuwa ta'aziyya da motoci masu rai kuma su ajiye su a bakin layi, su ƙaraso da ƙafa. Malam Tamba bai iya jin ƙarar inji ba tukuna.