Karin Harshen Gwaggo Tabawa

A wani daji da ake kira Dajin Marke, an yi wata shekara da rani ya yi tsawo har tafkuna suka ƙafe, saura guda. Da ruwa ya ja baya sai hankali ya bi shi. Majalisar dabbobi ta zauna ta kafa doka cewa 'yan asalin daji kaɗai za su sha, kuma da karin harshe za a gane ɗan asali. 'Yan Marke datse magana suke yi kamar mai saran kara. 'Yan Ƙetaren Gulbi kuwa jan ƙarshenta suke yi kamar mai sauke tulu a hankali. Aka ajiye Tunku a bakin tafki, duk wanda ya zo sai ya yi gaisuwa tukuna.

Akwai wata tsohuwar zabuwa, Gwaggo Tabawa. Daga Ƙetare aure ya kawo ta, ta yi damina ashirin a Marke, ta binne miji, tana riƙon jikoki tara. Ba ta taɓa zama gaban malami ba, bakinta kuma bai san kwana ba. Tana cewa "Barka da ranaa," Tunku ya tare hanya.

"Gwaggo, ki yi haƙuri. Kin ja."

"Na ja me, ɗan nan? Ranar sunanka wa ya yi guɗa? Ran nan ba ka ce na ja ba!"

Kwana uku jikokinta suna lasar raɓa. A na huɗu ƙaramar cikinsu ta kasa ɗaga kai. Tabawa ta tasa su gaba har gindin marken da majalisa ke zama, inda Galadima Gwanki, shugaban majalisa, yake kishingiɗe. Ta faɗi kukanta ba ranka ya daɗe, ba komai.

Galadima ya ce, yana datse kowace kalma, "Kafin a duba ƙara, sai a fayyace mene ne karin harshe."

Malam Dila ya gyara zama. "Allah ya ja zamanin Galadima. Karin harshe ilimi ne. Wanda ya zauna gaban malamai harshensa kan miƙe, wanda bai zauna ba nasa kan karkace. Ba laifin baiwar Allah nan ba ne, amma doka ba ta san tausayi ba."

Biri ya yi tsalle. "Ina! Ado ne, kamar kwalli. Ni nan ina da uku: na fada, na kasuwa, da wanda nake yi wa surukaina."

Mujiya ta buɗe ido ɗaya. "Jini ne. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Don haka jikokin nan ma, ko ba su ja ba yau, za su ja gobe."

Aka yi ta yi har rana ta take tsaka. Aka kawo shawarar kafa kwamiti ya kawo rahoto bayan ruwan farko. Tabawa ta dubi ƙaramar jikarta kwance a ƙura, ta ji wuta ta taso mata tun daga ƙafa.

"Bayan ruwan farko? To in ruwa ya sauka uban wa ke neman tafkinku? Ku ji ni da kyau, masu ƙoshi. Ni ban san ilimi ba, ban san kwalli ba. Abin da na sani, da bakin nan nake ihu in shaho ya taso, kuma ban taɓa ganin wanda ya tsaya ya auna ihun kafin ya ruga rami ba. Kai Dila, har da kai, da duk karatunka! Laifi tudu ne, kun taka naku kuna hango nawa. Kai kuma Galadima, ƙaho ya yi maka yawa, kunya ta yi maka kaɗan. Tumbinka cike da ruwa kana..."

Galadima ya miƙe zumbur. Ba a taɓa yi masa haka a gaban jama'a ba.

"Ke tsohuwar naan! Ki yi mini shiruu, ko na sa a fitar da kee!"

Fushi ba ya aron harshe. Jan da Galadima ya yi, ko Tabawa ba ta kai shi ba.

Tsohuwa ta karkata kai ta ƙare masa kallo.

"Ikon Allah. Wannan ai bakin 'yan Gindin Dutse ne, unguwarmu ta Ƙetare. Tsaya. Kai ba ɗan Tasalla ba ne, wadda ta ƙetaro da kai shekarar gobara kana bin ta kana kuka? Ashe kai ne ka zama wannan ƙato? Yaya ƙafarta, ta warke kuwa?"

Galadima ya dubi ƙasa. Can ya ce a hankali, "Ta rasu bara, Gwaggo."

"Allah ya jiƙanta. Mace ce mai kunya. Ban san inda ka samo naka halin ba."

Babu wanda ya yi dariya, sai Biri, shi ma ya mai da ita tari. Malam Dila ne ya fara farfaɗowa. Ya ce in aka duba dokar da idon basira, ba ta taɓa ambaton wane kari ne na asali ba, Tunku ne ya yi mata gurguwar fahimta. Majalisa ta amince baki ɗaya, aka tsawata wa Tunku.

Tabawa ba ta jira ƙarshen jawabin ba. Ta tallafi ƙaramar da fiffike, sauran takwas na biye, suka gangara tafki. Ta tsaya tana kallon 'yar tana tsoma baki tana ɗaga kai sama, sau ɗaya, sau biyu, sau bakwai, har ta miƙe da ƙafafunta. Sannan tsohuwa ta sauke ajiyar zuciya ta sha nata, ta zauna a laka mai sanyi ta ce yau ba mai tashe ta.

Washegari aka ji Malam Dila a ƙofar raminsa yana koya wa 'ya'yansa jan ƙarshen magana, yana shaida musu cewa haka kakanninsu suke yi tun fil azal.