Ranar Da Buhun Maccido Ya Yi Waƙa

Duk garin da Allah ya so da arziki yakan ba shi mutum ɗaya da ya riga kowa wayewa. Mu a Sakkwato namu rabon ya faɗo ne a Ƙofar Kware, sunansa Alhaji Maccido Mai Buhu. Sana'arsa sayar da buhun da babu komai a ciki, a layin 'yan hatsi, amma kada wannan ya ruɗe ka. Buhu hanyar cin tuwo ce kawai. Ainihin aikin da ya ɗora wa kansa shi ne fitar da mu daga duhun kai a fannin na'ura, kuma yana yi fisabilillahi, ba tare da kowa ya roƙe shi ba. Shi ya sa 'yan layi suka laƙaba masa Farfesan Caji. Ya karɓi sunan hannu bibbiyu, don bai taɓa tambayar dalili ba.

Wayoyinsa uku. Ɗaya ta kira, ɗaya ta hoto, ɗaya ta ajiyewa a kan tabarma in an zauna majalisa. A aljihun rigarsa akwai fawabanki mai nauyin bulo, wanda ya sa kafaɗarsa ta dama ta ɗan karkace, har baƙi ke ɗauka tafiyar ƙasaita ce. A hannunsa akwai agogo mai ƙirga taku da bugun zuciya. Lokacin da yake nunawa na wata ƙasa ne, don tun da aka sayo shi ba a saita shi ba. In ka tambayi Farfesa ƙarfe nawa, sai ya ƙura wa agogon ido da kyau, sannan ya saci kallon inuwar rumfa. In kuwa lamba za a adana a waya, sai an kai gida wurin matarsa Dijatu, don a cewarsa babban masani ba ya ɓata lokaci kan ƙananan ayyuka.

"Ku mutanenga kuna bayan zamani," haka yakan ce, yana goge gilashin waya da hannun riga. "Duniya ta tahi ta bar ku kuna awon gero. Abin da nika gani cikin wayagga, ko mutanen gidan rediyo sai gobe su ji shi."

Amma ko Farfesa yana da abin da ke ci masa tuwo a ƙwarya. Shekara da shekaru yana layin nan, ba a taɓa kiransa taron ƙungiya an nuna masa kujera ba. Sai dai a aiko a ce ya kawo buhuna a shimfiɗa wa jama'a. Abin yana yi masa ciwo ƙwarai, kuma in zan faɗi gaskiya, ni ma nakan tausaya masa, kafin ya buɗe baki. To, da shugaban ƙungiyar ya tsufa ya ce a zaɓi wani, Maccido ya ga ranar da ya daɗe yana jira ta zo. Abokin karawarsa Jelani ne, mai sayar da gero, mutumin Dundaye, wanda wayarsa 'yar ƙarama ce mai tocila, an ɗaure bayanta da kyauro. Farfesa ya ce shi wannan bai ɗauke shi takara ba, aikin wayar da kai ne.

Makamin da ya zaɓa shi ne waƙa. Ya tafi Unguwar Rogo wurin wani mawaƙi mai situdiyo, Ɗahiru, ya ce a yi masa wadda za ta girgiza kasuwa. Sai dai Farfesa ko a wurin yabon kansa ba ya sakin hannu. Ya zauna ciniki tun hantsi har aka kira azahar. Ya ce a cire ladan makaɗa, a cire na 'yan amshi, ai kwamfuta ke yin komai yanzu, shi ne za a yi wa wayo? Ɗahiru ya dube shi, ya dubi kwamfutarsa, ya ce to Alhaji, kwamfuta za ta yi. Masu magana sun ce araha ba ta ado, amma masu magana ba su da waya uku.

Da waƙa ta fito, Farfesa ya saurare ta a wayar hoto, wadda sifikarta ta taɓa faɗawa cikin kunu, tun daga ranar take magana kamar mai mura. Ya ji Ɗahiru ya kira Maccido, ya sake kiran Maccido. A bayansa akwai wasu muryoyi suna gunaguni can ƙasa-ƙasa, ba a fahimtar abin da suke cewa. Bai damu ba. Kunnen mutum in ya ji sunansa ba ya neman ƙari.

Daga nan aka shiga babban lamari, wato da wace na'ura za a kunna waƙar ranar zaɓe. Ban taɓa ganin bincike irin wannan ba. Majalisa ta daina hirar farashin dawa, ta koma sauraron lacca a kan sauti. Wanda ya zo sayen buhu sai ya sha bayanin batir kafin a sallame shi, wasu ma har suka koma sayen buhu a wani layin don tsira da lokacinsu. Shagon Abdulshakur mai kayan waya kuwa ya zama ofishin Farfesa na biyu. Kullum yana can, a buɗe masa kwali, ya jinjina, ya shinshina, ya mayar.

Abdulshakur ya fara nuna masa iyafis mai kyau, irin wanda ba shi da igiya. Farfesa ya ture shi da bayan hannu. "Mi za ni yi da abin da ni kaɗai ka ji? Wagga waƙar yabo ta, ba sirri na ba."

Aka kawo ɗan rediyon nan mai cin mimori, mai arha da ƙarko. Ya ce wannan na masu gadi ne da masu shayi, in Jelani ya zo a nuna masa. Aka kawo wata empi, 'yar sifikar kunna waƙa daidai gwangwanin madara, mai shiga aljihu. Wannan ta kwanta masa a rai, har ya fara shafa ta, sai Abdulshakur ya yi kuskuren cewa ita kowa ke saye. Nan take Farfesa ya ajiye ta. Shi ba kowa ba ne, kuma ya ɗan ji haushin da sai da ya tuna wa mai shagon.

Ana haka idonsa ya faɗa kan wata baƙa a can saman kanta, mai girman ƙaramin turmi, da mariƙi, da fitilu kewaye da bakinta. Abdulshakur ya ce wannan ba ta da maɓalli ko ɗaya, shafa ta ake yi. Cajinta yana kwana yana wuni. Sautinta kuwa, ko numfashin mawaƙi sai ka ji shi. Farfesa ya lumshe ido. Ya ce tun farko ita ya zo saye, yana dai gwada ilimin mai shagon ne.

Abdulshakur, don sauke hakki, ya ce a kawo waƙar a gwada, ya kuma nuna masa yadda ake shafawar.

"Ni za ka koya ma na'ura? Tun kana goye nika caji," in ji Farfesa. "Kuma waƙata ba a jin ta cikin shago. Ledagga ma ba mai ɓare ta sai gaban jama'a, su gani da idonsu sabuwa ta."

Ya ɗora kwali a kan babur, ya bi ta hanya mafi nisa zuwa Ƙofar Kware.

Aikin zuba waƙar a mimori, kasancewarsa ƙaramin aiki, ya faɗa kan Dijatu. Ta zuba, ta sa iyafis ɗinta don ta tabbatar ta shiga. Ta saurara, ta mayar baya, ta sake saurara. Sannan ta same shi yana gwada huluna a gaban madubi.

"Alhaji, ka ko ji abin da 'yan amshinga ka hwaɗi?"

Ya ce amshi ai amshi ne, ta bar wa masana sauti aikinsu. Ta miƙa masa iyafis ɗin ta ce don Allah ya sa a kunne ko sau ɗaya. Ya ce abin da ya riga ya kushe a bainar jama'a ba zai sa shi a kunnensa a cikin gida ba. Dijatu mace ce mai haƙuri, amma ba ta faɗin magana sau uku. Ta naɗe mimorin a 'yar takarda ta sa masa a aljihu, kusa da fawabanki.

Ranar zaɓe, bayan la'asar, aka taru a babbar rumfa. Buhunan da aka shimfiɗa nasa ne, kamar kullum, amma yau ya kawo su da fara'a, don a ransa wannan ne karo na ƙarshe. Jelani ya fara magana. Ya ce rufin rumfa yana yoyo, kwatar bayan layi ta toshe, in an ba shi zai duba. Ya zauna. Farfesa ya yi murmushin tausayi, ya miƙe, ya gyara karkatacciyar kafaɗa.

"Jama'a, ni ban zo in yi maku zancen kwata ba. Zamani nika kawo maku. In kunka ba ni, layinga sai an gan shi cikin waya har ƙasashen waje. Amma ni ban yabon kaina, yabon kai jahilci na. Ku ji abin da duniya ka hwaɗi."

Ya ɓare leda a hankali, yana juyawa don na baya su gani. Ya tura mimori a raminta. Na'urar ta yi wata magana da muryar mace cikin wani yare, Farfesa ya gyaɗa kai ya ce gaishe shi take yi. Sai kiɗa ya tashi. Gaskiya Abdulshakur bai yi ƙarya ba, tunda nake ban taɓa jin sauti garau haka ba. Har masu ɗinkin buhu na layin baya suka taso. Muryar Ɗahiru ta fito tana tambaya, wa ya isa ya ja ragamar kasuwa? Farfesa ya buɗe ƙirji. Sai 'yan amshi suka amsa, kalma bayan kalma, kamar suna zaune tare da mu a kan buhu:

"Sai Jelani na Dundaye, mai ba da awo da gyara."

Abin da ya faru ba ɓoyayye ba ne, daga baya Ɗahiru da kansa ya faɗa. Shekarun baya, da Jelani ya dawo daga Makka, abokansa sun sa Ɗahiru ya yi masa waƙa. Da Farfesa ya cire makaɗa da 'yan amshi, sai Ɗahiru ya ɗauko wancan tsohon kiɗan, ya share muryarsa ta da, ya rage ta 'yan amshi har ta koma gunaguni, ya ɗora sunan Maccido a kai. A kowace waya, a kowane ɗan rediyon mai gadi, asiri zai rufu. In ba da iyafis ba, sai an sami na'urar da ta fi kowacce a garin nan kafin a tono Jelani daga ƙarƙashin kiɗan, kuma Farfesa ya yi makonni yana nemo ta.

Ɗahiru ya ce Maccido gagarabadau, 'yan amshi suka ce sai Jelani. Ya ce Maccido hasken Ƙofar Kware, suka ce sai Jelani na Dundaye. Kowa ya sunkuyar da kai yana danne dariya don girmama babba. Daga can baya wani ya kasa riƙewa, shi ke nan kowa ya sake.

Farfesa ya shiga shafa. Ya shafa dama, ƙara ta ƙaru. Ya shafa hagu, fitilu suka kama walƙiya ja da kore. Ya shafa tsakiya, waƙa ta koma farko. Ya nemi zaro mimori, ta shige ciki, farce ba ya kama ta. Gumi ya jiƙa hular da aka daɗe ana zaɓe. Ya ce wa na kusa da shi matsalar sabis ce. Wani ya ba da shawara a jira caji ya ƙare, Farfesa ya ci gaba da shafa, don shi ya san abin da ya saya.

Tsohon shugaba, wanda kansa ya fara ciwo, ya ce a sa abin nan cikin buhu a ɗaure. Aka janye buhu ɗaya daga ƙarƙashin wani, aka zura ta, aka ɗaure baki. Ƙarar ta ragu kaɗan, amma sunan Jelani yana fita sarai. Ranar ce muka fara ganin buhun Maccido da wani abu a ciki.

Jelani, wanda har lokacin bai yi dariya ba, ya matso ya ce wallahi ya gode. Ya ce waƙar nan ta ɓace masa tun da tsohuwar wayarsa ta lalace, kuma bai taɓa sanin tana da daɗi haka ba.

Aka ce 'yan takara su tsaya, kowa ya bi bayan wanda yake so. Layin Jelani ya fita daga rumfa ya lanƙwasa wajen masu wake. Farfesa ya tsaya a nasa gefen, buhu a kafaɗa, don bai yarda ya ajiye dukiyarsa a ƙasa cikin taro ba. Ya waiga sau ɗaya, bai sake ba.

Mai ƙirga ya gama da layin Jelani, ya iso gabansa, ya russuna da ladabi.

"Alhaji, ƙuri'a guda gare ka, taka." Ya ɗan kasa kunne wajen buhun. "Shi ko wanga na kahwaɗarka, ka yi haƙuri, mun ji inda yad dosa."