Zauren da Na Miƙe wa Ƙofa

Ba zan taɓa mantawa ba da zauren farko da na gina da hannuna, kuma ko ni na manta, mutanen wata unguwa a Tsafe ba za su bari ba.

A Gusau na tashi, a gidajen ma'aikata, inda daga ƙofa sai falo. Na gama difloma, na yi shekara uku ina zagaya ofisoshi da takardu a hammata, har na gaji na shiga cibiyar koyon sana'a, sashen gini. Bayan wata shida a aji aka haɗa ni da Malam Garba, wani dattijon birkila ɗan Bungudu, in koyi aiki a hannunsa. Mutum ne mai haƙuri, ba ya son surutu. Ni kuwa ga ɗan littafi a aljihu, ga fensir a bayan kunne (ko ranar da babu abin rubutawa), ina ji a raina ni injiniya ne da ƙaddara ta jefo cikin leburori.

Wata rana Malam ya kai ni Tsafe gidan Alhaji Sani, ɗan kasuwar hatsi, wanda shekara da shekaru Malam ne yake yi masa gini. An rushe tsohon zauren ƙasa, za a tayar da na bulo. Malam yana da wani aiki a Bungudu, sai ya ce ya bar mini wannan, in ya yi kyau zai yaye ni in fara karɓar aiki da kaina. Ya ce wa Alhaji, "Ɗana na, hannunai kamar nawa." Ni kuma ya ce mini, "Ka bi sawun tsohon, kak ka ƙara, kak ka rage."

Da ya tafi na tsaya na duba sawun tsohon zauren. Ƙofar waje tana tsakiya, amma ta shiga cikin gida tana can kusurwar hagu, a karkace. Na girgiza kai, na ce Allah sarki mutanen da, ba tef ba lissafi. Na ja igiya daga tsakiyar ƙofar waje zuwa bangon baya, na sa alamar sabuwar ƙofa daidai saitinta.

Baba Isa, wani tsoho da yake kwaɓa mana siminti, ya ajiye shebur ya ce, "Yallaɓai, wagga ƙohwa ba nan take ba hwa."

Na ce, "Baba, kai dai ka ji da siminti, wannan karatu ne." (Har yau in na tuna maganar nan sai in ji kamar in nutse.)

Ya ce, "To, Allah shi taimaka."

Ban da Baba Isa babu wanda ya lura, don an kafa zana a baya ta kare cikin gida, Alhaji kuma ya tafi kasuwannin ƙauye sayen hatsi. Kwana shida muka kai linta, wato saman ƙofofi. Gaskiya ginin ya yi kyau, bulo a kan bulo, ba ciki ba ƙusumbi.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Malam ya iso, Alhaji ya zo da maƙwabtansa dattawa huɗu. Da bakina na sa aka janye zanar. Da bakina kuma na ce, "Ku ɗan ja baya zuwa bakin hanya, ku ga miƙewa."

Suka kuwa ga miƙewa. Ido ya shiga ƙofar farko, ya ratsa ta biyu, ya sauka a tsakar gida kan Hajiya Asabe, matar Alhaji, tana zaune a tabarma ba ɗankwali, ana mata kitso, rabin kai a kitse rabi a tsefe. Can bayanta ga ƙofar banɗaki, ita ma a saiti. Wani ɗan kabu-kabu da yake wucewa ya rage gudu ya ce, "Sannu da hutawa, Hajiya!"

Hajiya ta yi salati, ta fizgo zani ta rufe kai. "Wa yab buɗe mu ga hanya?"

Dattawa suka sunkuyar da kai. Ɗaya yana istigfari, ɗaya ya cusa fuska a hannun babbar riga, kafaɗunsa suna rawa. Alhaji bai ko kalle ni ba. Ya juya ga Malam ya ce, "Garba, wanga shi na hannun naka?"

Wannan ce ta fi yi mini ciwo. Ni ban da sunan da zai ɓaci a Tsafe, na Malam na ɗauko na yi wasa da shi. Na tsaya ina jiran ya ce ya gaya mini ban ji ba, don gaskiyar ke nan.

Sai ya ce, "Alhaji, laihina na. Na koya mai awo, ban koya mai gida ba. A ba mu kwana biyu."

Aka mayar da zana. Malam ya cire rigar Juma'arsa ya rataye, ya miƙo mini guduma. Ina fasa bango yana tsince bulon da zai moru, yana yi mini bayani a hankali, cewa an karkata ƙofar ne don baƙo ya zauna a zaure ya sha ruwa, ya yi hirarsa, idonsa bai kai ga iyali ba. Bai ɗaga mini murya ko sau ɗaya ba, da ma ya zage ni da na fi samun sauƙi. Na je na ba Baba Isa haƙuri, ya yi murmushi ya ce, "Ba komi, Yallaɓai. Miƙo kwanon siminti."

Yaye dai sai bayan wata huɗu. Amma da Alhaji ya sake kiran Malam aikin sito, ni ya ɗauko a bayan babur, ya sake miƙa mini igiyar awo a gaban mai gidan. Yau da wannan sana'a nake ciyar da iyalina, kuma duk abin da na zama a cikinta, bayan Allah, Malam Garba ne. Allah ya saka masa da alheri.

Hajiya ta yafe mini, har fura ta aiko mana. Sai dai har gobe in na yi sallama a gidan, kafin ta amsa sai ta taɓa kanta ta ji ko ɗankwali yana nan.

Tun daga ranar, in na ga abin da magabata suka karkatar, ba na ɗauko igiya sai na tambayi wa suke karewa.