Geron da Takin Bature Bai Taɓa Ba

Abubuwa da yawa na zamanin aikina sun kwanta mini, amma ba zan taɓa mantawa da ranar da na tsaya gaban jama'a a Gusau na fassara tonon asirina da bakina ba. Lokacin Turawa na nan, farkon shekarun hamsin, ina saurayi sabon malamin gona, da wandon kaki da littafi a hammata, ina jin duk Zamfara ba wanda ya kai ni sanin ƙasa (alhali rabona da riƙe fartanya tun ina elementare).

Aikina ɗaya ne, in sa manoman Bungudu su karɓi takin zamani, wanda a lokacin sabo ne fil. Kyauta ake ba su don su gwada a gonar gyaɗa, amma ko kallonsa ba sa yi. Gishirin Bature suke ce masa. Wani ya ce yana ƙone gona, wani ya ce hatsinsa ba ya shekara a rumbu, wani kuma ya ja ni gefe ya raɗa mini abin da yake yi wa magidanci, wanda ba zan maimaita ba. Ni kuwa a kan gwaji nake. Baturen gona, shugabana, ya faɗa mini ƙiri-ƙiri cewa in damina ta faɗi buhunan takin Bungudu na jibge a sito, to in nemi wata sana'ar.

To ga inda gizo ke saƙar. A cikin gidanmu ma ina da tawa Bungudun, wato Inna, mahaifiyata. Mutuniyar 'Yandoto ce, aure ya kawo ta Gusau, tun rasuwar mahaifina kuma tana wurina. Ranar da ta gane irin aikin da nake yi, sai ta ce, "Kai dai tahi ka yi ta ruɗin bayin Allah, amma wanga gishiri ba shi shiga tukunyata." Ta kafe a kan sai dai in riƙa sayo mata gero daga wajen Tsafe, na gonar da aka yi wa takin gargajiya. Da ma a ce biyayya ce kawai ta kai ni, da da sauƙi. Gaskiyar magana ni ma can ƙasan zuciyata ina ɗan tsoron abin nan da nake talla.

Tsafe ta yi mini daidai, don ba hanyarsu ɗaya da Bungudu ba. Ran kasuwa sai in tuɓe kaki, in zura tsohuwar riga, in hau motar kasuwa kamar mai zuwa gaisuwar dangi. A can na samu wani dattijo ɗan 'Yandoto, Baba Nomau, wanda geronsa ya fi na kowa tsada da sule biyu a buhu. Na tambaye shi, a hankali, ko takin zamani ya taɓa geron.

Ya ce, "Ɗana, hannuna bai taɓa zuba ma gero abin nan ba. Shanun Fulani ka kwana gonata tun daga kaka har bazara. Taho mu tahi ka gani, ga ta can bayan gari."

Ni malamin gona, aka ce in zo in ga gona, na dubi takalmina na dubi rana, na ce ai maganar dattijo ta wadatar. Na biya, har da godiya. Wata shida ina wannan zirga-zirga. Inna ta dama fura ta ce, "Ka ji gero!" ni kuma in kurɓa in kaɗa kai in ce lallai harshe ba ya ƙarya. Har nakan tausaya wa maƙwabta masu cin na kasuwar Gusau.

Da bazara ta kawo jiki, sai aka tara manoma daga gundumomi a filin gaban ofishin gona, don waɗanda suka gwada takin su ba da shaida. Mutanen Bungudu suka zo, suka zauna a gaba, fuska ba yabo ba fallasa. Mai yi wa Bature tafinta ya kwana da zazzaɓi, aka ce ni zan tsaya a madadinsa. Na ji daɗi, don Hausar Baturen a sanina ba ta wuce "sannu" da "madalla" ba, ke nan ranar duk maganar da za ta shiga kunnensa sai ta bi ta bakina.

Na fara da nawa jawabin, na zuba, na zuba. Sai wani manomin Bungudu mai suna Bawa, wanda ya fi kowa ba ni ciwon kai, ya ɗaga sanda ya ce, "Malam, magana guda. Kai kana cin abin da anka noma da shi?"

Da na yi shiru ma da ya fi. Sai na bugi ƙirji na ce, "Ni? A gidana ba a ɗora tukunya sai da hatsin takin zamani. Dube ni, na yi kama da marar lafiya?" Aka yi 'yar dariya, Bawa ya sauke sandarsa. Na ce a raina na gama da su.

Daga nan abokin aikina na Tsafe ya miƙe ya ce ya zo da babban mai shaida, wanda gyaɗarsa ta bana ta fi ta kowa. Ya ce, "Baba, bismilla." Wa zan gani? Baba Nomau, da malafarsa da komai. Na ɗaga littafina na kare fuska (littafin da bai kai tafin hannu biyu ba), amma ina! Dattijon ya ƙura mini ido, fuskarsa ta washe.

"A'a! Ɗan Inna! Kai na nan cikin kaki? Ina tsohuwa? Geron ya ƙare ko da saura?"

Na ce, "Lafiya lau, Baba, yi shaidarka." Shi kuwa ba mugunta a ransa, yabona ma yake ganin yana yi. Ya juya wajen jama'a ya ce yaron nan ɗan albarka ne, duk wata sai ya tako har Tsafe, ya ƙara sule biyu a buhu, don dai a tabbatar masa gishirin Bature bai taɓa geron da za su ci ba.

Filin ya fashe da dariya. Bawa har da kwanciya a kan na kusa da shi. Bature ya dube ni yana jiran fassara. Na ce masa da Turanci dattijon yana cewa ya san ni, kuma yana gaishe da gidanmu. Baturen ya gyara zama, ya ce da Hausa tiryan-tiryan, "Malam, ka baro sule biyu a baya." Ashe yana ji, kamar jakin Kano. Haka na tsaya na fassara sauran, kalma bayan kalma, gumi na bin bayana. A lokacin na riga na sallama aikin, tunanina kawai wace sana'a zan kama.

Sai Bawa ya share hawayen dariya ya ce, "To tsoho, kai da ba ka sa taki, shaidar mi ka zo yi?"

Baba Nomau ya ce, "Wa ya ce ban sa? Gyaɗa nik kwarara ma shi, bayan na shanu. Gero ne ban taɓa zuba ma ba."

"Gonar geron daban take?"

"Gona guda gare ni, ɗan'uwa. Gicci ni kai, awa kowa."

Ga wanda bai sani ba, gicci shi ne a ratsa layukan gero cikin kunyoyin gyaɗa, gona ɗaya, tsakaninsu bai fi taku ba. Kowane yaro a ƙauye ya san haka. Dattijon ya ƙara da cewa in ruwa ya sauka ai ba ya tsayawa ya tsare saiwar gero don kada ta sha, kuma bana geron ma ya fi na bara zangarniya. Wato wata shida ina biyan tsada don in guje wa abin da nake sha kullum safe ina kaɗa kai.

Bawa ya miƙe ya ce, "Jama'a, ku sheda. Malam ya yi ƙarya, Allah Ya maishe ta gaskiya." Ya zagaya ni yana dubana sama da ƙasa kamar ragon da zai saya, ya ce tunda na yi wata shida ina ci ban rame ba, a ba shi nasa takin. Kafin ruwan shuka siton Bungudu ya koma wayam. Aiki ya tabbata, ba don jawabina ba, sai don an gwada abin a kaina. Sunan da suka laƙa mini kuwa, Malam Sule-Biyu, ya bi ni har na yi ritaya.

Saura Inna. Kwana uku ina juya maganar kafin na faɗa mata, ina jiran salati da kuka. Ta saurara har ƙarshe tana tsince gero a faifai, ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ce, "To, sai mi? Gonar Nomau iyaka guda take da ta babana. Ƙasarmu nika sha, ba taki ba. Yaushe za ka koma? Wanga ya kusa ƙarewa."

Na koma, wannan karon da kakina, na kuma bi Baba Nomau har gonar na gani da idona. Ban fasa zuwa ba har Allah Ya ɗauki ranta, shi kuma bai taɓa rage mini ko sisi ba. Yanzu in yara suka tambaye ni ko abincin takin gargajiya ya cancanci tsadarsa, nakan ce ban sani ba, don ni ban taɓa cin wanda na biya ba. Abin da na sani biyu ne. In an ce ka zo ka ga gona, ka je. In kuma tsohuwarka ta aike ka sayen abu mai tsada, ka tambaye ta ainihin abin da take saye kafin ka buɗe baki a bainar jama'a.