Kaurar Hansai da Shuka ta Uku

Hajiya Hansai Bature Mahuta, ranar Laraba sha biyu ga watan Yuni na shekarar 2024, ta cika kwana ashirin da ɗaya rabonta da jin ƙamshin ruwa a ƙasa. Tun da hantsi zafi ya koro ta daga ɗaki zuwa gindin darbejiya. A nan jikanta Awaisu, magidanci mai 'ya'ya huɗu, ya iske ta. Sau biyu ya yi shuka a bana, sau biyu rana ta ƙone tsiron. Iri ya ƙare a gidansa, ita kuwa tana da kwano uku na kaura, dawar da ta gada, a rufe cikin tukunya da toka.

Da ya gaishe ta, ta ce, "Lafiya lau, angona. Ya gona? Ko in ce ya filin ƙwallo?"

"Au, amarya, ashe kina nan? Jiya na ga ana haƙa a maƙabarta, na ce Allah Ya yanke mini wahala."

"Ni zan raka ka. Amma kada ka ce kai za ka binne ni, don abin da ka sa a ƙasa ba ya tashi, ni kuwa ina sa ran tashin ƙiyama."

"Wa ya sa ni shukar? Ke kika aiko cewa shamuwa ta sauka a kan tsamiya, damina ta zauna. Na zuba masara, kwana tara rana ta soye ta."

"Shekara saba'in shamuwa ba ta taɓa yi mini ƙarya ba."

"To bana ta yi. Ita ma ta tsufa, ta rikice kamar ki."

Hansai ba ta yi dariya ba. A ƙuruciyarta, idan tsuntsuwar nan ta iso, kowa sai ya saɓa sungumi ba tare da ya dubi sama ba. Yanzu ruwa yakan zo da wuri ya yaudari mutane, ya ɗauke, ya bar zafin da ba ta san irinsa ba a wannan wata.

Ta ce, "Faɗi abin da ya kawo ka, mayunwaci."

"Tukunya."

"Ta miya? An suɗe."

"Kaurar, Kaka."

Da ta ji ya bar amarya ya koma Kaka, sai ta gyara zama.

"Je ka Funtua ka sayo irin leda, mai wata uku ɗin nan da kuke yabo."

"Shi na shuka na biyu. Bai kai tsawon yatsa ba ya kwanta. Taki tana jure ƙishirwa."

"In ka zuba ta ta ƙone fa? Daga nan har Malumfashi babu mai irinta. Uwar kakanka ce ta damƙa mini ita da hannunta. Ba a hannuna za ta ƙare ba, balle a hannun mutumin da ko kuɓewa ta gan shi sai ta yi yaushi."

"To 'ya'yana toka za su ci?"

"Kada ka kawo mini 'ya'yanka cikin maganar nan!"

"Sai na kawo su. Bara ma tsoro ya sa kika hana a shuka ta. In ta sake shekara a tukunya, ko an sa ta a ƙasa ba za ta fito ba. Kin fi ni sani."

Ta fi shi sani. Ta miƙe ta shiga ɗaki, ta fito rungume da tukunyar.

"Kwano biyu. Ɗaya nawa ne, da shi za a yi mini sadaka. Kuma ba za ka zuba ko ƙwaya ba sai ka tona ƙasa ka ji danshi har gwiwar hannu."

"Shamuwa fa?"

"Na raba gari da ita, munafuka."

Awaisu ya tuntsire da dariya har da hawaye, ya durƙusa ya riƙe mata faifai. Ta fara tankaɗe tokar, tana zaginsa da ƙwaya-ƙwaya.

Kwano ɗaya kacal ta cika lokacin da iska mai sanyi ta taso daga gabas ta kaɗa ganyen darbejiya. Hansai ta karɓi faifan ta ajiye a ƙasa, ta dafa kafaɗar Awaisu suka fita ƙofar gida, ta kare ido da hannu tana duban sama. Kwano na biyu yana nan cikin toka, ba ta tankaɗe ba.